Gyaran Gajeren Kil Don Tseren Kulob: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga tseren kulob da jirgin filafili mai gajeren kil ya san wannan takaici. Kun tashi tare da abokin hamayya, jirginku iri ɗaya, filafilanku kusan sa'annin juna, amma kafin a kai alamar farko ya yi maka fintinkau, kai kuwa iska ta tura ka gefe. Daga nan sai tunanin yanka da ƙari ya shigo. Ga tambayoyin da masu irin wannan jirgi suka fi yi, da amsoshinsu iya abin da na sani.

Mene ne aikin kil, kuma me ya sa gajere yake cutar da mai tsere?

Kil shi ne fiffiken nan mai nauyi da ke manne a ƙarƙashin jirgi. Aikinsa biyu ne. Na farko, nauyinsa yana hana jirgi kifewa idan iska ta cika filafili. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, yana tokare ruwa don kada jirgi ya riƙa zamewa gefe sa'ad da ake haura iska. A nan aikinsa daidai yake da na fiffiken jirgin sama, sai dai shi a tsaye yake a cikin ruwa.

Fiffike ba ya tokarewa kyauta. Ruwan da ke ɓangaren matsi yana zagayowa ta ƙarƙashin kil zuwa ɗaya ɓangaren, ya bar wata guguwa a baya, ita kuma tana jan jirgi. Girman wannan ja ya danganta da zurfin kil, kuma ba kai-tsaye ba, ninki yake yi. Idan zurfin jirgi ya tashi daga mita 1.2 zuwa 1.6, wannan ja yana sauka zuwa kusan kashi 56 cikin 100 na yadda yake a da. Ka ga santimita 40 kacal ta kusan raba shi biyu. Shi ya sa jiragen tsere na gaske suke da kil dogo siriri kamar wuƙa.

Masu ƙera jirgi sun san haka sarai. Gajeren kil an yi shi ne don mai son shiga ruwa marar zurfi, ko mai ɗora jirgi a tirela. Catalina 30, alal misali, zurfinsa da kil na asali wajen mita 1.6 ne, da gajeren kil mai fukafukai hagu da dama a ƙasansa kuma bai kai mita 1.2 ba. Don a cike giɓin, yawanci ana ƙara wa gajeren nauyi, ana kuma ƙara masa tsawo daga gaba zuwa baya. Sai ya zama ya fi nauyi, ya kuma fi goguwa da ruwa.

A lissafin agogo, nawa nake asara?

Mu yi misali. Jirage biyu suna gudun mil 6 na teku a awa, kowanne ya saita goshinsa digiri 45 daga inda iska take fitowa. Mai dogon kil yana zamewa gefe da digiri 4, naka da digiri 7. Ke nan hanyarsa ta haƙiƙa digiri 49 ce, taka 52. Abin da yake ci zuwa sama mil 3.94 ne a awa, kai kuma 3.69. A kowane mil ɗaya na haura iska zai riga ka da kusan daƙiƙa 60.

Adadin yana da ban tsoro, amma a tuna ba duk tseren ne haurawa ba. Idan an juyo iska tana bayanka, kil ba shi da wani aikin tokarewa, tazarar ta ragu ƙwarai. A tseren da iska take bugowa daga gefe, da ƙyar za a gane bambanci. Don haka kafin ka kashe ko sisi, duba irin zagayen da kulob ɗinku yake shatawa. Idan sama da ƙasa ake yi tsakanin alamomi biyu, matsalarka babba ce. Idan kuwa zagaye ne na tsibiri ko na alamomi warwatse, wataƙila ba kil ne yake kayar da kai ba.

In na ɗaura curin dalma a ƙasan kil, ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce dabarar da ta fi zuwa wa mutane a rai, kuma akwai kamfanoni, irin su MarsKeel na Kanada, da suke zuba curi biyu masu siffar kifi a manna su hagu da dama a ɗaure da ƙusoshi. Aikin yana yiwuwa. Tambayar ita ce ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Ɗauki dalma kilo 150, ka sa ta mita 1.1 ƙarƙashin layin ruwa. A cikin ruwa nauyinta ya koma wajen kilo 136. Idan jirgi ya karkata digiri 20, ƙarfin da take miƙar da shi bai wuce kilo-mita 51 ba (kilo-mita a nan ma'aunin ƙarfin murɗa ne, wato nauyi a kilo sau nisa a mita). Yanzu ɗauki mutum ɗaya mai kilo 75 ka zaunar da shi a bakin jirgi na ɓangaren iska, mita ɗaya da rabi daga tsakiya. Shi kaɗai yana ba da wajen kilo-mita 106, wato ninki biyu na dalmarka. Kuma shi in iska ta faɗi kana iya ce masa ya koma ɗaya gefen, ko ma ka bar shi a gida ranar da ba iska. Dalma kuwa ta zauna ke nan, kullum kana janta.

Inda curin yake da rana shi ne idan guguwa ta kwantar da jirgi sosai. A nan mutanen da ke baki ba su da wani amfani, dalmar ce take tayar da shi. Wannan batun tsaro ne, kuma yana da muhimmanci ga mai fita teku da mutum biyu. Amma ga tseren yamma na awa ɗaya da rabi, curi ba ya ƙara zurfi, kuma zurfi ne matsalarka. Idan abin da ke damunka zamewa gefe ne, nauyi ba maganinsa ba ne.

Fukafukai fa? Na ji an ce su ne suka ci Kofin Amurka.

Gaskiya ne, a 1983 jirgin Australia II, wanda Ben Lexcen ya zana, ya doke Liberty da ci 4 da 3 a Newport, ya ƙwace kofin da kulob ɗin New York ya riƙe shekara 132. Kil ɗinsa mai fukafukai ne, har rufe shi suke yi da labule in an ɗaga jirgin. Bayan nan sai kamfanoni suka yi ta manna fukafukai a jiragen yawon shaƙatawa.

Abin da aka manta shi ne dokar ajin jiragen mita 12 tana hukunta zurfi, don haka Lexcen hanyar zagaye doka ya nema. Fukafukansa an gwada su a tafkin gwaji a Holan, an daidaita kusurwarsu da yadda ruwa yake bi ƙarƙashin wannan jirgin takamaimai. Wanda ya yanka faranti biyu ya manna a kil ɗinsa da ido, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya ƙara wa kansa birki. In kusurwar ta kauce da digiri biyu ko uku, fiffiken zai riƙa noma ruwa duk tsawon tseren. Ga kwasar ciyawa da igiyoyin tarko. Ga kuma ranar da ka kafe a taɓo: mai kil na yau da kullum yana karkatar da jirgi ya fita, mai fukafukai kuwa in ya karkata ƙara nutsewa yake yi.

Akwai wata siffa ta Henry Scheel, ɗan Amurka, wadda ƙasan kil yake buɗewa kamar bakin ƙaho. Tana rage zagayowar ruwa, tana kuma saukar da nauyi ƙasa. Ita ma tun daga zane ake fito da ita, ba abin da ake liƙawa daga baya ba ne.

To a ƙara masa tsawo zuwa ƙasa mana?

Wannan shi ne gyaran da yake taɓa ainihin cutar. Ana yin sa iri biyu. Ko dai a zuba ƙarin dalma mai bin siffar kil a ɗaure shi daga ƙasa, ko a yi ƙarin da abu marar nauyi, katako mai ƙwari ko soso mai tauri, a lulluɓe da faiba da ifoksi. Na biyun mutane sukan raina shi, alhali sau da yawa shi ya fi hankali: yana ba da zurfi ba tare da ɗora wa gindin jirgi kaya mai yawa ba, in kuma ya daki dutse shi ne zai karye ya bar sauran lafiya.

Na dalmar ne yake buƙatar lissafi. A ce kil ɗinka kilo 1,800 ne, tsakiyar nauyinsa tana santimita 35 ƙarƙashin mahaɗa, wato inda kil ya haɗu da gindin jirgi. In jirgi ya kwanta a gefensa, abin da yake murɗa mahaɗar kilo-mita 630 ne. Ka ƙara kilo 300 a nisan santimita 90, sai ya zama 900. Nauyi ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, amma murɗa ta ƙaru da kashi 43. Ƙusoshin nan da haƙarƙarin da ke cikin jirgi ba don wannan aka yi su ba. Ba na ganin akwai wanda ya kamata ya yi irin wannan aiki ba tare da injiniyan zanen jiragen ruwa ya duba ya sa hannu ba.

Ba gara a sauya kil ɗin gaba ɗaya ba?

Idan kamfanin ya fitar da jirginka iri biyu, gajere da dogo, to wannan ita ce hanya mafi tsabta. An riga an yi lissafin dogon don wannan gangar jiki, kuma masu ba da lambar rangwame, wadda ake gyara lokacin jirgi da ita a tsere, sun riga sun san shi. Wani lokaci ana samun kil na hannu daga jirgin da ya lalace ta sama.

Sai dai a bincika abu biyu. Ramukan ƙusoshi ba lallai su zo daidai ba, domin a wasu jirage mazaunin kil ɗin ma daban ne. Sannan a haɗa kuɗin duka: kil, dako (abu ne mai tan biyu ko kusa), injin ɗaga jirgi, sauke jigo (sandar da ke riƙe filafili), ma'aikata, da hayar fili. A tsohon jirgi mai ƙafa 28 ko 30, jimillar tana iya kusantar kuɗin jirgin kansa. Mutane da yawa da suka yi wannan lissafi sun ƙare da sayar da nasu suka sayi ɗan'uwansa mai dogon kil, kuma ban ga laifinsu ba.

Idan kil ɗinka irin wanda aka zuba nauyin a cikin gangar faiba ne, babu ƙusoshi, to maganar sauyawa ba ta ma taso ba.

Yaya gyaran zai shafi lambar rangwamena?

A nan ne yawancin mafarkin yake mutuwa. Tseren kulob kusan duk na rangwame ne, wato ana gyara lokacin kowane jirgi gwargwadon saurin da ake tsammani daga gare shi. A Amurka da Kanada tsarin PHRF ya fi yawa, inda lambar take nufin daƙiƙoƙi a kowane mil, kuma yawanci uku-uku ake hawa ko sauka. Mai babbar lamba shi ne marar sauri. A Turai da sauran wurare akwai IRC, wanda lissafinsa sirri ne, da ORC, wanda yake auna jirgi ya hango saurinsa da kwamfuta. Kulob da yawa a Ingila kuma suna da tsarin da lamba take motsawa bisa sakamakon da kake samu.

Duk waɗannan sun riga sun ba ka wani abu saboda gajeren kil. A PHRF yakan kama daga daƙiƙa 3 zuwa 12 a mil, gwargwadon jirgi da yanki. Ranar da ka ƙara zurfi za a karɓe wannan, kuma tunda jirginka ya zama wanda babu irinsa, kwamiti ba shi da abin kwatance, sai ya yi hasashe. Hasashen kwamiti a kan jirgin da aka gyara don tsere ba kasafai yake faɗawa ɓangaren mai jirgi ba.

Ra'ayina shi ne rangwamen gajeren kil sau da yawa bai kai asarar haura iska ba, musamman a zagayen sama da ƙasa cikin iska mai ƙarfi. Don haka akwai 'yar riba a ƙara zurfi, amma ba dukkanta za ka riƙe ba. Rubuta wa kwamiti tun kafin ka fara, ka ce ga abin da nake son yi, wace lamba zan samu? Amsar tana iya hutar da kai.

In na yi shiru ban gaya wa kowa ba fa? Ai a ƙarƙashin ruwa yake.

Doka ta 78 a dokokin tseren jiragen filafili ta ɗora wa mai jirgi alhakin tabbatar da jirginsa ya dace da takardar awonsa. Ban da haka, jirgi fitowa yake yi daga ruwa duk shekara, kuma a filin ajiye jirage kowa kallon gindin jirgin kowa yake yi.

Jirgina yana cikin ajin da duk jirage iri ɗaya ne. Zan iya taɓa kil?

Siffa da nauyi, a'a. Gogewa da daidaitawa cikin iyakar da dokar aji ta bayar, e. Ajin J/24, misali, yana da ma'aunan kil da ake gwadawa a wurare ƙayyadaddu. Karanta dokar ajinku kafin ka ɗauki samfefa.

Wane gyara ne ya fi biyan wahalarsa?

Daidaita siffar kil ɗin da kake da shi. Wannan ne amsata ga kusan duk wanda ya tambaye ni, kuma yawancin tsare-tsaren rangwame ba sa hukunta shi muddin ba ka sauya zurfi, nauyi ko faɗi ba.

Kil na jirgin kasuwa daga tukunyar zubi yake fitowa, ba wanda ya tsaya ya gyara masa fuska. Ranar da na fara ɗora ma'aunin katako, wato katakon da aka yanka da siffar da kil ya kamata ya kasance, a nawa, na ɗauka ma'aunin ne ya karkace. A ɓangaren dama ya zauna lafiya, a hagu kuwa yatsana yana shiga tsakaninsa da dalma a wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba. Hancin kil ɗin ya baje kamar an dake shi da guduma, kuma haka ne ma, wani mai jirgin kafin ni ya taɓa gaisawa da dutse. Shekara biyu ina zargin filafili da igiyoyin jigo a kan abin da ya sa jirgin yake haurawa da kyau ta hannu ɗaya, ta ɗaya hannun kuma kamar an ɗaure masa guga.

Ga yadda aikin yake. Ka zaɓi siffa daga jerin siffofin fiffike da ake kira NACA wadda ta fi kusa da kaurin kil ɗinka. Mai lamba 0012, misali, kaurinta kashi 12 cikin 100 ne na tsawon kil daga gaba zuwa baya, kuma inda ta fi kauri yana kashi 30 daga hanci. Ga gajeren kil na fi son wannan dangi mai hanci zagayayye a kan sirara irin na jiragen tsere, domin gajeren kil yana aiki a kusurwa babba, kuma siririn hanci saurin sakin ruwa yake yi in an juya ko an daki igiyar ruwa. Ka shata layuka uku ko huɗu a kwance a jikin kil, ka yanka ma'aunin katako na kowane layi. Da igiyar magini mai dalma a baki ka tabbatar kil ɗin yana tsaye daidai da tsakiyar jirgi, sannan ka ja layin tsakiya a hanci da wutsiya.

Daga nan sai cike da gogewa. A kan kowane layi ka shafa zirin foti na ifoksi, ka danna ma'auni a kai tun bai bushe ba (sa leda a bakin katakon don kada ya kama). In sun bushe sun zama maka jagora, sai ka cike tsakaninsu. Gogewar da dogon katako mai samfefa ake yi, hannu biyu, a gicciye. Ƙaramin injin gogewa ramuka yake haƙawa waɗanda ido ba ya gani sai tafin hannu. Rufe ido ka shafa, za ka ji su.

Kashi ɗaya cikin uku na gaba shi ne ya fi komai muhimmanci, a nan za ka kashe yawancin lokacinka. Wutsiya kuma kada a zagaye ta: a yanke ta miƙe, kaurin milimita 3 zuwa 5, da kaifin kusurwa. In jirgi ya fara kuka kamar ƙudan zuma idan ya ɗauki gudu, ka ɗan jirkice yankan wutsiyar ta gefe ɗaya, kukan zai tafi.

Akwai bambanci tsakanin kil na dalma da na baƙin ƙarfe wajen aiki?

Sosai. Dalma tana da nauyin kilo 11,340 a kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), ƙarfen zubi wajen 7,200. Don haka kil na ƙarfe ya fi ƙiba a nauyi ɗaya. Dalma tana da taushi, ana iya fere tudunta ko a mayar da lanƙwasa da guduma. Ƙarfe ba ya feruwa, sai dai ka cike kewayensa.

Maƙiyin ƙarfe tsatsa ne. Dole a kankare shi har ya yi fari, a shafa ifoksin farko cikin 'yan awoyi, in ba haka ba bayan shekara ɗaya fotin zai kumbura ya ɓare. Dalma ma tana yin yana da wuri, shi ya sa ake shafa ifoksi a goga shi da burushin waya tun yana ɗanye. Ƙurar dalma guba ce. Takunkumi na gaske, safar hannu, shimfiɗa a ƙasa don tattara gari, kuma kada yara su zo wurin.

Zan iya narka dalma in zuba da kaina?

Dalma tana narkewa a digiri 327, don haka wutar gas ma tana iya narka ta, abin da yake ruɗin mutane ke nan. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi ya isa ya watsa narkakkiyar dalma a fuska. Masu sana'ar kuma suna haɗa ta da ɗan antimoni don ta yi tauri ta riƙe ƙusa. A bar musu.

Me zan duba a ƙusoshi da mahaɗa kafin kowane irin gyara?

Buɗe falankin ƙasa ka share ruwan da ke kwance, ka haska tocila. Jan zirin tsatsa da ke gangarowa daga noti, washa da ta lotsa cikin faiba, tsaga a kusurwar haƙarƙari, ko wurin da haƙarƙarin ya rabu da gangar jiki, duk alamu ne. Ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: wuri mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya rabu kuwa sautinsa kamar na ganga fasasshiya. A waje, dubi layin mahaɗa lokacin da jirgi yake rataye a injin ɗagawa da kuma bayan an sauke nauyinsa a kan kil. In tsagar tana buɗewa tana rufewa, ko ruwa yana tsattsafowa kwanaki bayan an fito da jirgi, akwai magana.

Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da wata muguwar ɗabi'a: a wurin da ruwan gishiri ya kwanta babu iska, yana cinyewa daga ciki, daidai inda ƙusa ta ratsa gangar jirgi, inda ba a gani. Kan noti yana ƙyalli, wuyan ƙusa ya zama kamar fensir.

Ba don tsoratarwa ba, amma a watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki mai ƙafa 40 ya rasa kil a tsakiyar Tekun Atlantika a hanyarsa daga Antigua zuwa Ingila, mutum huɗu suka rasu. Masu binciken haɗurran ruwa na Birtaniya sun nuna cewa karo da ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya, da gyare-gyaren da suka biyo, suna iya raunana haɗin haƙarƙari da gangar jiki. Dogon kil in ya daki ƙasa, gabansa yana fizgowa ƙasa, bayansa yana soka cikin jirgi, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon ƙarfin sukar.

Jirgin zai sauya hali a hannu?

Zai iya. Jirgi mai lafiya yana ɗan son juya goshi zuwa iska, kana riƙe shi da allon tuƙi a digiri 3 zuwa 5. Yawancin kil a kishingiɗe suke zuwa baya, don haka in ka bi layinsu ka ƙara tsawo, tsakiyar tokarewa ta koma baya, jirgi ya fara gudun iska. Wannan yana kashe haurawa, abin da ka kashe kuɗi dominsa. Ana iya gyara kaɗan da karkata jigo baya, amma da iyaka.

A tuna kuma jirgi mai gajeren kil yawanci allon tuƙinsa ma gajere ne, don kada ya riga kil taɓa ƙasa. Shi ma fiffike ne, kuma daidaita siffarsa aikin kwana biyu ne. Sannan jirgin da ya ƙara tsayuwa yana ƙara wa jigo da wayoyinsa kaya, domin a da karkata yake yi ya zubar da iska, yanzu kuwa tsayawa yake yi ya sha.

Inshora da sayarwa fa?

Ka sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin aiki. Za su iya neman zanen injiniya da rahoton mai binciken jirgi. A ƙasashen Tarayyar Turai babban sauyi irin wannan yana iya jawo a sake tantance jirgin a ƙarƙashin dokar jiragen shaƙatawa. Wajen sayarwa, gajeren kil na asali yana da masu nemansa. Kil da aka yi wa ƙari a bayan gida kuwa, mai saye yana ganinsa zai fara ja da baya, sai in kana da takardu.

In na bar shi yadda yake, yaya zan tuƙa shi ya yi abin kirki?

Gudu kafin kusurwa. Kil yana tokarewa ne gwargwadon gudun ruwan da ke bin jikinsa, kuma ninki ne: in gudu ya ragu da kashi 10 cikin 100, tokarewa ta ragu da kusan kashi 19. Mai gajeren kil da ya matse goshi yana son bin layin mai dogon kil, gudunsa zai faɗi, zamewa ta ƙaru, ya yi asara biyu. Sassauta digiri biyu ko uku, ka bar jirgi ya yi gudu, za ka ga a ƙarshe hanyar taka ta fi hawa.

Kada ka bar shi ya karkata da yawa, domin in ya kwanta ɗan zurfin da yake da shi ma raguwa yake yi. Rage filafili da wuri fiye da maƙwabta, tara mutane a baki. Bayan kowane juyi ka fito a sassauce, sai gudu ya dawo sannan ka ɗaure. Rage yawan juyi ma, tunda kowanne ya fi yi maka tsada. A wajen tashi, guji shiga ta saman jirgin da ya fi ka haurawa, zai matse ka cikin minti ɗaya. Nemi fili a ƙasanka ko da ba a kan mafi kyawun gefen layi ba ne.

Kana da makami ɗaya da ba su da shi. Inda ruwa yake gudu yana gaba da ku, gudunsa ya fi rauni a bakin gaɓa, wurin da ba zurfi. Kai kana iya shiga can, su ba su isa ba.

Kuma in har farfelarka mai kafaffen fiffike uku ce, sauya ta da mai naɗewa kafin ka yi tunanin kil. A iska marar ƙarfi bambancinta ya fi fitowa fili, ko da yake ita ma tana taɓa lambar rangwame.

Ta yaya zan san gyaran ya yi amfani?

Auna kafin, auna bayan. A ruwa marar gudu, cikin iska matsakaiciya, ka haura minti biyar ta hannun dama, ka juya ka yi biyar ta hagu. Rubuta abin da kamfas ya nuna a kowane hannu, ka kuma rubuta hanyar da GPS ya nuna ka bi. In kamfas ya ce tsakanin hannayen biyu digiri 88 ne, GPS ya ce 102, bambancin 14 ne, rabinsa 7, zamewarka ke nan. Maimaita a ranaku uku ko huɗu da filafilai iri ɗaya da adadin mutane ɗaya, kuma gindin jirgi a wanke, domin gansakukar wata ɗaya tana iya shanye duk abin da kake son aunawa. Rubuta gudun kowane hannu daban. In sun bambanta da fiye da kashi ɗaya cikin goma na mil a awa kuma jigo yana tsaye daidai, koma ka sake ɗora ma'aunin katako a kil.